Ƙofar Da Ta Riƙe Alhaji Sha'aban

Duk wanda ya san Ja'afaru a Salford, kusa da Manchester, ya san shi da abu biyu, karatu da kunya. Karatun dai gwamnati ce ta turo shi, digirin dakta a kan yadda sauti ke tafiya a cikin ruwa, shi da bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa ba. Kunyar kuwa daga Gumel ya taho da abarsa, ba wanda ya caje ta a filin jirgi. A gidansu, mai neman aure ba ya cin abinci a gaban suruki, ba ya shiga gabansa, ba ya haɗa ido da shi, ba ya kama sunansa. In ka hango shi a wannan layin sai ka saki layin ka bi wancan, ko da wancan ɗin duk kwata ce. Haka ya ga mahaifinsa yana yi har furfura ta fito masa, kuma da tsohon ya rasu, Ja'afaru na shekararsa ta biyu a Ingila, kafin ya gama neman tikiti an rufe shi. Abin da ya rage masa na uban shi ne wannan ɗabi'a, don haka ya riƙe ta da hannu biyu.

Sai Allah ya haɗa shi da Bilqis. A Birmingham aka haife ta, tana aikin ba da magani a wani asibiti a Manchester, kuma tana iya kiran mahaifinta a waya ta yi masa faɗan shan sukari kamar ƙaninta. Ranar da Ja'afaru ya fara jin haka sai da ya ajiye cokali. Amma yana son ta, so na gaske, irin wanda ke sa mutum ya wuce tasharsa a jirgin tram na cikin gari yana murmushi shi kaɗai. Ita ma tana son sa. Sharaɗinta ɗaya ne, ba za ta auri kowa ba sai mahaifinta ya buɗe baki ya ce ya ba shi.

Mahaifin nata shi ne Alhaji Sha'aban na unguwar Small Heath a Birmingham. Tun da Ja'afaru ya san sunan, watan da ke gaban azumi ya fita daga bakinsa. In yana lissafin watanni sai ya ce Rajab, ya yi gyaran murya, ya ce Ramadan.

Alhaji ya zo ƙasar ne da niyyar ɗan gajeren karatu, ya ɓuge da tuƙa bas har ya yi ritaya. 'Ya'yansa mata ne, Bilqis ce auta. Kuma yana da wata cuta da likita ba ya magani, wato tsofaffin jiragen yaƙi na ruwa. Shi ba sojan ruwa ba, ba Basarke ba, yana kuma zaune a garin da teku ta yi wa nisa ta kowace fuska, amma babu wani ruɓaɓɓen jirgi da Turawa suka ɗaure a bakin gaɓa suna karɓar kuɗin kallo da bai shiga ba. Ƙofar firijin Hajiya Murja, matarsa, ba a ganin farinta saboda hotunan jirage masu maganaɗisu.

Ja'afaru ya je gaisuwa har sau biyu. Kowane zuwa yakan tsugunna a bakin ƙofar falo kusa da takalma, kansa a ƙasa, abinci ya huce a gabansa. Kowane zuwa kuma Alhaji yakan dube shi ta saman tabarau ya ce, "To, za mu gani." Ba a'a, ba i.

Ana nan sai Bilqis ta kira shi. "Dad ya ce Saturday za ku je ganin submarine, ku biyu kawai. Ya ce daga nan zai ba da answer."

Submarine kuwa shi ne jirgin yaƙi mai tafiya a ƙarƙashin ruwa. Ja'afaru bai zame ko'ina ba sai gidan Malam Sunusi, wani dattijon ɗalibi da ya daɗe a Manchester har ya zama kawun kowa, shi ne kuma zai tsaya masa a maganar auren. Malam Sunusi ya ji, ya gyaɗa kai irin na wanda ya ga jiya ya ga yau.

"Jarrabawa ce," in ji shi. "Mutumin da ya shekara da shekaru a cikin yaran nan masu cewa uba hi, me kake jin yana nema? Tarbiyya. Kada ka shiga gabansa. Kada ka ci komai. Kada ka musa masa. Kuma ba da wannan jaket ɗin taka ta 'yan kai saƙo za ka je ba."

Ya buɗe akwati ya ciro babbar riga ta shadda, fara sol, ta sha sitaci har tana iya tsayuwa ba kowa a ciki. Ya ce amana ce, da ita ya yi nasa auren.

Da Bilqis ta gan shi a ƙofar gidansu ranar Asabar da safe, ya sauko daga bas yana ƙarar shadda, sai ta dafe kai. "Jaf, jirgin ruwa fa za ku shiga, ba wedding ba. Please, just be normal."

"Ai normal ɗin ke nan," ya ce da ita a hankali.

Alhaji ya fito cikin rigar ruwa da takalmin gudu da hula zanna, yana ɗan jan ƙafar hagu. Ja'afaru ya zube a kan dakalin da ruwan sama ya jiƙe. Aka gaisa. Matsala ta farko ta taso tun mota ba ta tashi ba, wato ina zai zauna. In ya zauna gaba, kafaɗarsa na gogar ta suruki. In ya zauna baya, ya zama mai gida, Alhaji ya zama direbansa. Ya tsaya tsakanin ƙofofin biyu yana wuƙi-wuƙi, har Alhaji ya sauke gilashi.

"Malam, na yi ritaya daga ɗaukar fasinja. Shigo gaba."

Ya shiga, ya manne da ƙofa, rabin jikinsa kamar a waje yake.

Hanyar kudu tana da tsawo, Alhaji kuma tuƙin bas yake yi har yanzu, ba ya sauri, yana kuma rage gudu duk inda ya ga mutum tsaye a gefen titi. Ya yi ta ƙoƙarin jan hira. Ya ji cewa yaron nan sautin cikin ruwa yake karanta, abin da shi ya kwashe shekaru yana kallo a talabijin, ya kuwa taho da tambayoyi cike da baki.

"Wai da gaske ne jirgin da ke ƙasa yana iya gane wani jirgin daga ƙarar farfelarsa kawai?"

"Haka ne, Baba."

"To ruwan sanyi ya fi kai sauti nesa, ko na ɗumi?"

"Haka ne, Baba."

Alhaji ya waiwayo ya dube shi. Can ya ce, da gangan, "Ni dai a ganina sauti ba ya ma tafiya a ruwa. Ƙaryar Turawa ce."

Duk karatun Ja'afaru ya taso masa har maƙogwaro. Ya haɗiye shi. "Haka ne, Baba."

Alhaji ya yi ajiyar zuciya ya kunna rediyo. Da suka tsaya shan mai ya buɗe kwanon ƙosai da Hajiya ta soya musu, ya miƙa. Ja'afaru, wanda rabonsa da abinci tun jiya, ya ce alhamdu lillahi a ƙoshe yake. Cikinsa ya ƙaryata shi nan take, da ƙarar da ko rediyon bai rufe ba. Alhaji ya cinye ƙosan tas, har da na surukin.

Jirgin yana kwance a wani ƙaton rami na siminti da aka janye wa ruwa, baƙi ƙirin, dogo, kamar tankar mai da aka shafe da kwalta. A bakin matakala wani tsoho mai farin gemu yana tara masu kallo. Sunansa Bartholomew, a irin wannan jirgin ya yi ƙuruciyarsa, yanzu shi ke zagayawa da baƙi. Yana hango Alhaji ya ɗaga hannu biyu.

"Mr Shaban! Kai ne kuma?"

Ja'afaru ya runtse ido. Sunan da shi ya kori wata guda daga shekara saboda shi, ga wani yana wurgi da shi a fili, har da gutsure masa tsakiya.

A gefe akwai wani zobe na ƙarfe da aka kafa, daidai faɗin ƙofofin cikin jirgin. Bartholomew ya ce duk mai shakka ya gwada shigewa ta nan tukuna, don a ciki hanya ɗaya ce, ba a komawa baya. Wasu tsofaffin mata biyu suka gwada suna dariya. Alhaji ya wuce zoben ko kallo bai ishe shi ba. "Ni da na san jirgin nan kamar ɗakin Hajiya," in ji shi. Bartholomew ya dubi rigar Ja'afaru sama da ƙasa, ya tambaya ko da wannan zai sauka. Alhaji ya amsa masa da Turanci cewa ango ne, ya zo ɗaurin aure da torpedo, makamin da jirgin ke harbawa.

Matakalar shiga a tsaye take, da baya ake sauka. Nan ma Ja'afaru ya tsaya lissafi. In ya riga Alhaji sauka, ya shiga gabansa. In ya bi shi kai tsaye, tafin ƙafarsa zai kasance a saman hular suruki, abin da ko a mafarki ba ya fata. Sai ya ja baya ya bar matan nan biyu suka shiga tsakani. Ƙafarsa ta sauka a saman kan Baturiya, wannan kuwa dokar Gumel ba ta ce komai a kai ba.

Ciki warin tsohon man dizal ne da fenti da wani abu kamar safa da ta kwana a takalmi. Ko'ina bututu, ko'ina famfo, ko'ina agogo. Hanyar ba ta fi faɗin mutum ɗaya ba. Rigar Malam Sunusi ta shiga aiki, ba ta wuce wani maƙulli ba tare da ta gaishe shi ba. Kafin su bar ɗakin makamai hannun rigar na dama ya yi baƙi, kafin su kai ɗakin kwana na hagu ya tarar da shi.

Bartholomew ya nuna musu gadaje, hawa-hawa kamar kantar shago, ya ce gadajen ba su kai yawan mutanen ba. In wani ya tashi zuwa aiki, wani ya faɗa a ɗumin da ya bari. Wanka sai a yi makonni ba a yi ba. Ya ce a nan ka san warin kowa kafin ka san sunan garinsu. Ja'afaru ya yi a'uziyya a zuci. Alhaji kuwa ya zama wani mutum daban, idonsa na ƙyalli, yana taɓa wannan, yana ƙarasa wa Bartholomew magana. Lokaci-lokaci yakan waiwayo yana neman surukinsa don ya nuna masa wani abu, sai ya hango shi can bayan mata biyu, kai a sunkuye, yana ba bututu haƙuri.

Tsakanin ɗaki da ɗaki ƙofa ce zagayayya, a ɗage daga ƙasa, kamar bakin randa. Akwai sandar ƙarfe a sama. Alhaji ya nuna wa matan yadda ake yi, ka kama sandar, ka zura ƙafa ɗaya, ka bi da kai, sannan ka janyo ɗayar. Ya wuce ta farko har ana tafa masa. Ta biyu ya wuce da ɗan nishi.

A ta ɗakin injin ne abin ya faru. Ya kama sanda, ya zura ƙafar dama, ya bi da kai da kafaɗu. Ya zo janyo ta hagu, gwiwa ta ce ba ta san zancen ba. Ta ƙage, ko lanƙwasuwa ta ƙi yi. Ya yunƙura da ƙarfi, hannunsa ya suɓuce daga sandar, tumbinsa ya zauna daram a kan bakin ƙofar, bel ɗin wandonsa kuma ya sarƙe a wani ƙugiyar ƙarfe. Rabin Alhaji Sha'aban na ɗakin injin tare da Bartholomew da sauran jama'a. Ɗaya rabin, wanda ba a gaisawa da shi, yana fuskantar mata biyu da Ja'afaru.

Da farko an yi dariya, shi ma ya yi. Bartholomew ya kama shi ta hammata ya ja. Ba abin da ya motsa sai wandon, wanda ƙugiyar ta riƙe, ya zame ƙasa kaɗan. Ya sake ja, wandon ya ƙara zamewa. Sai ga gajeren wando ya bayyana, shuɗi, an yi masa zanen ƙananan jiragen ruwa masu hayaƙi. Dariya ta tsaya. Daga can ciki aka ji numfashin Alhaji ya canza, yana fita da sauri da sauri. Bartholomew ya ɗaga murya ya ce shi kafaɗarsa ba ta da kyau, dole wani daga baya ya cire bel ɗin, ya ɗaga ƙafar, ya turo.

Ja'afaru ya juya fuskarsa ga bango yana karanta wani allon gargaɗi da dukan zuciyarsa. Da jirgin zai nutse a lokacin, da ya gode.

Ɗaya daga cikin matan, mai suna Bethany, ta miƙa wa ƙawarta jaka ta fara naɗe hannun riga. Ta ce ita tsohuwar nas ce, ba irin wanda ba ta gani ba, kowa ya matsa. Ta ɗaga murya yadda Alhaji zai ji, ta ce masa, "Kada ka damu, love, zan kama ka ta cinya."

Sannan wata murya ta fito daga ɗakin injin, ƙarama, ba irin ta mai tuƙa bas ba.

"Ja'afaru."

Bai taɓa kiran sunansa ba sai yau. Kullum Malam ne, ko Dakta in yana jin tsokana. Ja'afaru ya juyo, ya tsugunna yadda ya saba, ya fuskanci ɓangaren da ke gabansa tun da shi ne ke akwai.

"Na'am, Baba. Allah ya ƙara girma, ko za a yi mini izini in ɗan..."

"Kai, ɗan nema, numfashina zai ɗauke! Kama ni!"

Ya miƙe. Ya tuɓe babbar rigar, ya danƙa wa Bethany gefe ɗaya, ƙawarta ɗaya gefen, ya ce su juya baya su ɗaga. Rigar angoncin Malam Sunusi ta toshe hanyar daga bango zuwa bango, ba ta taɓa yin aiki mai amfani irin wannan ba. Ya durƙusa ya zura hannu ƙarƙashin tumbin surukinsa, ya laluba, ya ɓalle bel ɗin. Ya ja wandon sama ya rufe jiragen. Sannan ya ɗauki ƙafar hagu da hannu biyu.

Ƙafar ba ta da nauyi. Wannan ne ya ba shi tsoro. Mutum mai wannan murya da wannan tumbi, ashe ƙwaurinsa siriri ne, idon sawun a kumbure, fatar da sanyi, tana kuma rawa. Warin man zafi ya bugi hancinsa, irin wanda babansa ke shafawa. Tausayi ya kama shi har idonsa ya kawo ruwa. Ya sa babban yatsa a bayan gwiwar yana murzawa a hankali.

"Baba, ku saki jikinku. Kuna ƙanƙame ta ne. Ku ja numfashi."

"Ina ja!"

"Ba kwa ja. Ku ja sosai. Yawwa. Kuma ku daina tura kanku gaba, kuna ƙara matse cikin ne. Ku dawo baya tukuna."

"Baya kuma?"

"Na ce ku dawo baya, ina riƙe da ku."

Alhaji ya dawo baya, nauyinsa duka ya sauka a ƙirjin Ja'afaru. Gwiwar ta saki da wata 'yar ƙara. Ja'afaru ya lanƙwasa ta, ya zura ta cikin ƙofar, sannan ya yi bisimilla, ya sa kafaɗarsa a inda ba a taɓa jin suruki ya sa kafaɗa ba tun da aka kafa Gumel, ya tura. Alhaji ya fita ta can kamar an zare toshiyar kwalba. Jama'ar ɗakin injin suka ɗauki tafi.

Sauran jirgin ba wanda ya kalle shi. Ƙafar ba ta taku sosai, don haka a matakalar fita Ja'afaru ya bi bayansa mataki-mataki, kansa a tokare da bayan Alhaji, hannunsa riƙe da ƙugun wandon da yanzu ba shi da bel. Bethany ta miƙo masa rigar a waje, ta koma kalar tsumman makanike. Ta ce Alhaji ya yi sa'ar ɗa. Ba wanda ya gyara mata.

Suka zauna a wani benci da ke kallon ruwa. Wato Alhaji ya zauna, Ja'afaru ya sayo masa shayi da kifi da dankali, sannan ya koma ƙasa ya tsugunna. Yanzu da abin ya wuce, sai duk abin da ya yi ya dawo masa ɗaya bayan ɗaya. Ya ga tsiraicin suruki. Ya daka masa tsawa. Ya ce masa ba ya jan numfashi, wato ya ƙaryata shi a gaban Turawa. Ya tabbata Bilqis ta tafi ke nan, zuciyarsa ta yi baƙi ƙirin.

"Baba, don Allah a gafarce ni. Abin da na yi a ciki..."

"Tashi daga ƙasan nan ka zauna a nan."

"A'a Baba, nan ma..."

"Ka sa kafaɗa a gindina, yanzu kuma benci ne ya fi ƙarfinka?"

Ya tashi ya ɗosana a ƙarshen bencin. Alhaji bai dube shi ba, ruwan yake kallo. Shayin na huci a hannunsa.

"Bara na shige ƙofar nan ba wanda ya taɓa ni," ya ce daga baya. "Bara waccan ma haka." Ya kurɓi shayi. "Ka san Ɗanjuma na unguwar Lozells? Ba ka san shi ba. Tare muka zo ƙasar nan. Ya rasu da sanyin da ya wuce. 'Ya'yansa maza uku, yaran kirki, duk suna aiki. Ranar wanka suna tsaye a car park, wajen ajiye motoci, suna kuka. Ba wanda ya iya shiga, tsoro suke ji, ba wanda ya taɓa nuna musu. Ni da wani Basomale muka wanke shi. Basomalen ko sunansa bai sani ba, yana ta ce masa brother."

Alhaji ya juya kofin shayin a hannunsa ya ci gaba.

"Ni ko mazan ba ni da su. Ka zo gidana sau biyu, ka zauna wajen takalma. Na ce wa Hajiya yaron nan yana da tarbiyya, amma tarbiyyar gida ce. A gida surukin da ke gudun ka shi ne na kirki, don kana da ƙanne da 'ya'yan ƙanne da za su ɗaga ka in ka faɗi. Ni nan wa nake da shi? In na zame a banɗaki, Hajiya ba za ta iya ɗaga ni ba. Kai kuma kana bakin ƙofa kana sallama." Ya juyo ya dube shi sosai. "Na taho da kai yau ne in ji ko kana da baki, in gaya maka a'a a hanya in ba ka da shi. Har muka iso nan a'a ɗin na bakina."

Wani tsuntsun teku ya sauka kusa da su yana harin dankalin. Alhaji ya kore shi da hula.

"Ka taɓa wanke gawa?"

"A'a, Baba." Ya sunkuyar da kai. "Ko ta mahaifina ban samu ba."

"Zan koya maka. Ina cikin masu yi a masallacinmu. In an samu zan kira ka, ka hau bas ka taho. Gara ka koya a jikin wani, kada ka zo kaina kana neman izini."

Ja'afaru ya so ya ce Allah ya ja kwana, ya so ya ce haka ne Baba, amma ba ɗayan da ya fito. Hawaye ne suka zubo masa, ya sa hannun rigar Malam Sunusi ya share, ya bar baƙin mai a kumatu.

"Ka gaya wa Sunusi ya tara mutanensa su zo. Na ba ka." Alhaji ya ɗaga yatsa. "Amma wandon nan, Bilqis ce ta saya mini, ita da Hajiya kaɗai suka san da shi. In na ji labarinsa a Manchester, na san bakin da ya fito."

"Ban ga komai ba, Baba."

"Ka gani mana. Shi ya sa ba zan bar ka kana yawo a gari kana bare ba." Ya tura takardar kifin tsakiyar benci. "Ci."

Ja'afaru ya dubi kifin. Ya tuna mahaifinsa, ya tuna Malam Sunusi, ya tuna duk mazan gidansu da suka kwana da yunwa a gidan surukai. Sannan ya sa hannu ya gutsuro, ya kai baki, a gaban Alhaji, yana tauna ana gani. Kifin ya huce, gishiri ya yi masa yawa, ya kuwa ci har da ƙananan dankalin da ke maƙale a kusurwar takarda. Yana cikin ci ya ce, ba tare da an tambaye shi ba, sauti yana tafiya a ruwa, ya ma fi gudu a can fiye da a iska. Alhaji ya ce ai ya sani, yana jira ne ya ga ranar da za a gaya masa.

Da iska ta fara kaɗawa da sanyi, Alhaji ya murƙushe takardar, ya dafa benci zai tashi. Gwiwar ta ƙi. Ya sake gwadawa, ya koma ya zauna. Bai ma miƙo hannu ba tukuna. Ja'afaru ya riga ya miƙe, ya shiga gabansa, ya zura hannu a hammatarsa ya ɗaga shi tsaye.